Mata a Gona da Sana'ar Abinci: Gumin Nasu Ne, To Ribar Fa?

A farkon shekarun 1980 wasu masu bincike sun yi ta bin gonaki a ƙauyuka shida na ƙasar Burkina Faso suna rubuta komai: abin da aka shuka, takin da aka zuba, hannu nawa suka yi noma, da abin da aka girbe. Daga baya wani masanin tattalin arziki, Christopher Udry, ya zauna da waɗannan alƙaluma, ya fitar da sakamako a 1996 wanda har yau ake kafa hujja da shi. Ya ɗauki gida ɗaya, shekara ɗaya, amfani iri ɗaya, ya kwatanta gonar da maigida ke iko da ita da gayaunar matarsa. Sai ya tarar abin da gayaunar ke bayarwa a kan kowace eka ya gaza na gonar mijin da kusan kashi 30 cikin 100.

Mai saurin yanke hukunci zai ce ai dama mata ba su iya noma ba. Alƙaluman ba haka suka ce ba. Kusan duk takin da gidan ya samu, gonar maigida yake tafiya. Ƙarfin maza da na yara da na 'yan ƙwadago ma can ya fi karkata. Udry ya lissafa cewa da za a sake raba wannan taki da waɗannan hannaye tsakanin gonakin gida ɗaya, ba tare da an ƙaro ko buhu guda daga waje ba, amfanin gidan zai ƙaru da kusan kashi 6 cikin 100. Wato gidan da kansa yana tafka asara, kuma ya zaɓi asarar a kan ya sake tsarin wane ne ke da iko da me.

Na fara da wannan labari ne domin duk wanda ya fahimce shi ya kama bakin zaren. Ana yawan magana kan yadda za a "shigo da mata" harkar noma da abinci, kamar a waje suke tsaye suna jiran a buɗe musu ƙofa. Suna ciki tun fil azal. Abin da ake taƙaddama a kai shi ne ƙasar da suke nomawa, lokacin da ya rage musu, da hannun da kuɗin ke faɗawa ranar da aka sayar.

Alƙaluman gaskiya da na jita-jita

Akwai wata ƙididdiga da ta daɗe tana yawo a taruka da jawabai: wai mata ne ke noma kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na abincin ƙasashe masu tasowa. Masana irin su Cheryl Doss sun bi sawunta ba su same ta da tushe ba, kuma a zahiri ba ta ma aunuwa, tun da buhun hatsi ɗaya yakan bi ta hannun miji da mata da yara kafin ya cika. Wani nazari na masanan Bankin Duniya da ya fito a 2017 ya auna aikin noman amfanin gona a ƙasashen Afirka shida, ya samu kason mata kusan kashi 40 ne, ya haura rabi a Uganda, ya sauko kusan kashi ɗaya bisa huɗu a Nijar. A ganina masu fafutuka ba su kyauta wa kansu da suke riƙe da tsohuwar ƙididdigar, domin ranar da aka kama ka da adadi ɗaya na ƙarya, sauran gaskiyarka ma ta shiga zargi. Kuma gaskiyar ta isa, ba ta buƙatar gishiri.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto a 2023 wanda bai tsaya a gona ba, ya bi abinci tun daga shuka har sarrafawa, dako, kasuwa da tukunya. A duniya baki ɗaya, a cikin duk mata masu aiki, kashi 36 cikin 100 a wannan fanni suke, maza kuma kashi 38. Amma a Afirka kudu da Sahara kashi 66 ne na mata, a kudancin Asiya kuma kashi 71, inda maza suke da 47 kacal. Macen da ke aikin lada a gona tana samun santi 82 a duk dala ɗaya da namiji ya samu. Gonar da mace ke gudanarwa tana ba da amfani ƙasa da ta namiji mai girma ɗaya da kashi 24. Rahoton ya ce da za a toshe waɗannan giɓi biyu, arzikin duniya zai ƙaru da kusan dala tiriliyan ɗaya, mutum miliyan 45 kuma su fita daga ƙarancin abinci.

Adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: kusan rabin matan da ke aikin gona ana lissafa su ne a matsayin masu taimaka wa iyali. Ba su da albashi, ba su ne masu gonar ba. Mace ta yi shuka, ta yi cirar ciyawa, ta yi girbi, ta yi sussuka da sheƙa, amma idan ma'aikacin ƙidaya ya zo ya tambayi manomin gidan, sunan mutum ɗaya za a rubuta. Daga wannan takarda ake tsara wa za a ba iri, wa za a kira horo, wa malamin gona zai ziyarta. Tun 1970 masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Denmark, Ester Boserup, ta yi ƙorafin cewa masu tsara ci gaba sun ɗauka manomi namiji ne, suka miƙa masa sabbin dabaru da amfanin da ke kawo kuɗi, suka bar mace da fartanya.

Ƙasa

Daga cikin ƙasashe 46 da suka ba da bayanai a rahoton na FAO, a guda 40 maza sun fi mata mallakar ƙasar noma ko tabbataccen haƙƙi a kanta. Mace takan samu fili ta hanyar wani: uba, miji, ɗan'uwa, ko mai gari. Muddin alaƙar tana nan, filin yana nan. Saki ko rasuwa na iya tafiya da shi a damina ɗaya.

Illar wannan ba ta tsaya ga ranar da aka ƙwace ba, tana aiki tun kafin nan. Wanda ke noma gonar aro ba ya dasa itacen da sai bayan shekara biyar zai yi 'ya'ya, ba ya haƙa rijiya, ba ya kashe kuɗi a kan shinge. Me zai sa ya gyara abin da gyaran ne ma zai jawo hankalin mai shi? A kudancin Gana, Markus Goldstein da Udry sun gano cewa mata ba sa barin gonakinsu su huta yadda ya kamata, domin filin da aka bari ba shuka ana iya cewa ba a buƙatarsa, a ba wani. Sai ƙasa ta gaji, amfani ya ragu, a dawo a ce matar ce ba ta iya ba. Ga kuma banki, wanda ba ya ba da babban rance sai da jingina, jinginar da ya fi yarda da ita kuwa takardar fili ce.

Wasu ƙasashe sun taɓa dokokinsu. Indiya ta gyara dokar gadon mabiya addinin Hindu a 2005, ta ba 'ya mace haƙƙi daidai da ɗa namiji a dukiyar gado, amma har yau mata da yawa sukan sa hannu su bar wa 'yan'uwansu maza kasonsu don kada zumunci ya ɓaci. Habasha ta raba takardun shaida masu ɗauke da sunan miji da mata tare. Ruwanda, bayan dokar gadonta ta 1999, ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista. Binciken da aka yi a yankunan gwaji ya nuna mutane sun ƙara zuba jari wajen kare ƙasa daga zaizaya, musamman gidajen da mata ke jagoranta. Sai dai an ga wani gefen: matan da aurensu ba shi da rajistar hukuma sun fi fuskantar a bar sunansu a waje. Takarda tana kare wanda aka rubuta a cikinta ne kawai, kuma rana ɗaya ta rajista na iya shafe haƙƙin da al'ada ta daɗe tana mutuntawa ko da ba a rubuce yake ba.

Idan abu ya fara kawo kuɗi

Wannan shi ne ɓangaren da masu shirye-shiryen tallafi ba su cika son a taɓo ba. A Gambiya, noman shinkafa a fadama aikin mata ne tun da can, kuma macen da ta noma nata fegin ita ke da abin da ta girbe. A 1984 aka buɗe babban aikin ban ruwa na Jahally-Pacharr da kuɗin masu ba da agaji na waje, da niyyar a amfani mata. An ma rubuta sunayen mata a kan filaye da yawa. Amma da famfo ya zo, aka fara girbi biyu a shekara, shinkafa ta zama kuɗi, sai magidanta suka ayyana filayen a matsayin gandun gida. A tsarin wurin, gandu kowa na gida yana yi masa aiki ba lada, maigida ne ke riƙe da rumbu. Mai bincike Judith Carney ta rubuta yadda mata suka wayi gari aikinsu ya ninka, ikonsu ya ragu, har wasu suka fara neman a biya su kafin su shiga gonar, wasu suka koma ƙwadago a gonakin wasu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

An ga irin haka a Kenya lokacin da kamfanonin fitar da kayan lambu zuwa Turai suka fara ƙulla kwangila da ƙananan manoma. Lambu na mata ne, amma kwangila da mai fili ake sa hannu, kuɗi kuma asusun wanda ya sa hannu yake shiga. Haka abin yake a madara, a kaji, a kifi: muddin ciniki na ƙofar gida ne, na uwargida ne, ranar da babbar mota ta fara zuwa ɗauka sai a tuna cewa dabbobin na maigida ne. Injin ma yakan zo da irin wannan. A tsibirin Jaba na Indonesiya, a shekarun 1970, injinan casar shinkafa sun raba ɗimbin mata matalauta da ladan da suke samu a turmi, kuma ba su ne suka mallaki injinan ba. Ba wanda zai ce a koma turmi, amma duk mai kawo sabon abu ya kamata ya tambayi kansa wa zai riƙe shi bayan shekara uku.

Aikin lada a manyan gonaki da masana'antu

Furannin da ake nomawa a gefen tafkin Naivasha na Kenya, ganyen shayi na Assam ta Indiya da Siri Lanka, 'ya'yan itatuwan Chile, kifi da jatan lande da ake gyarawa a kudu maso gabashin Asiya, duk hannun mata ne ya fi yawa a tsinka, tantancewa da ɗaurewa. Ba a raina wannan aiki. Ga mace da yawa shi ne karo na farko da kuɗi suka shiga hannunta da sunanta. Amma a duba yadda aka raba matsayi. Direban tarakta, mai kula da injin, mai kula da leburori, su ne ma'aikatan dindindin, kuma galibi maza ne. Mata su ne na wucin gadi, ana ɗaukar su lokacin girbi, ana biyan su jinga, gwargwadon kwando ko kilo. Mai aikin jinga ba ta son tashi shan ruwa ko zagayawa, domin kowane minti kuɗi ne. Ba ta da hutun haihuwa, don kwangilarta kan ƙare kafin cikin ya tsufa, kuma ba a sabunta ta. Wanda zai yanke ko za a sake ɗaukar ta a kaka mai zuwa mutum ɗaya ne, kuma daga nan ne cin zarafi ke samun ƙofa. Wani binciken BBC a 2023 ya bankaɗo yadda wasu masu kula da ma'aikata a gonakin shayi na Kenya ke neman mata da lalata kafin su ba su aiki.

Mafi munin misalin da na sani daga gundumar Beed ne a jihar Maharashtra ta Indiya. Masu saran rake a can ana ɗaukar su bibbiyu, miji da mata, ɗan kwangila ya ba da kafin alƙalami, kuɗin kuma hannun mijin yake shiga. Su yi watanni a sansani ba banɗaki, ba isasshen ruwa, duk wanda ya yi fashin kwana ɗaya a ci shi tara. A 2019 gwamnatin jihar ta shaida wa majalisarta cewa an cire wa mata sama da 4,600 mahaifa a gundumar cikin shekara uku. Rahotanni sun nuna da yawansu masu saran rake ne, wasu ba su kai shekara 30 ba, an shawo kansu cewa tiyata ce za ta raba su da ciwon mara da fashin aiki.

Dokoki kam akwai su a takarda. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da yarjejeniya ta 100 kan lada daidai tun 1951, ta 183 da ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14, ta 184 kan lafiyar ma'aikatan gona, da ta 190 ta shekarar 2019 kan cin zarafi a wurin aiki. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1979 kan kawar da wariya ga mata ta ware sashe na 14 don matan karkara. Matsalar ita ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aikin gona a duniya ba su da rajista ko kwangila a rubuce, sufeton ƙwadago kuma ba ya zuwa inda ba a rubuta akwai ma'aikaci ba. Abin da ya yi tasiri a jihar Florida ta Amurka ta wata hanya ya biyo. Masu tsinkar tumatir na garin Immokalee sun matsa wa manyan masu saye, irin su McDonald's da Walmart, har suka sa hannu cewa za su daina saye daga duk gonar da ta karya ƙa'ida. Tsarin ya fara aiki a 2011. Da mai gona ya ga cewa kare mai cin zarafi na nufin rasa kasuwa, ba a sake buƙatar yi masa wa'azi ba.

Tukunya a bakin titi

A bar gona, a zo gari. Ɗauki mace mai sayar da dafaffen abinci a kowane babban birni na ƙasashe masu tasowa. Ta tashi kafin asuba ta hura wuta. Cefanen jiya da yamma ta yi shi, kaɗan-kaɗan, a farashin ɗaiɗai, domin ba ta da jarin sayen buhu, ba ta da wurin ajiya. Ke nan tun kafin ta ɗora tukunya, babban gidan abinci ya riga ta riba. Ta yi awoyi a kan hayaƙi, irin hayaƙin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara. Abin da ya yi kwantai ba ya kwana, ba firji, sai dai yara su ci ko a zubar. Wurin da take zama ba nata ba ne, masu karɓar haraji sukan zo, na hukuma da waɗanda ba na hukuma ba, ranar da aka tashi gyaran gari kuma rumfarta ce ta farko.

Sai a duba gwangwanin da take jefa ciniki. Daga cikinsa ake ɗaukar kuɗin makaranta da safe, kuɗin magani da rana, da na ɗan'uwan da ya zo da matsala da yamma. Tambaye ta ribar wata, ba za ta iya faɗa ba, ba don rashin lissafi ba, sai don uwar kuɗi da riba da cefanen gida duk a gwangwani ɗaya suke kwana. Shekara goma tana aiki, tukunyar ba ta ƙaru ba. Lokacin annobar korona irin waɗannan ne suka fara faɗuwa: FAO ta ce a shekarar farko kashi 22 cikin 100 na matan da ke harkar abinci a wajen gona sun rasa aikinsu, maza kuwa kashi 2. Indiya ta yi dokar masu talla a titi a 2014, wadda ta hana a tashe su kafin a ƙidaya su a ba su shaida, duk da cewa aiwatar da ita na tafiyar hawainiya.

Lokaci

ILO ta lissafa a 2018 cewa mata ne ke yin sama da kashi uku bisa huɗu na aikin gida da reno da jinya wanda ba a biya. Matsakaicin mace tana ba shi awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. A karkarar da ba famfo ba lantarki abin ya wuce haka, domin a gidaje 7 cikin 10 da ba su da ruwa a cikin gida, mata da 'yan mata ne ke ɗebowa. Noma kuwa ba ya jira. Cirar ciyawar da aka makara da ita da mako biyu ta riga ta ci amfani. Kasuwar da ta fi tsada tana nesa, mai goyo da girkin dare ba za ta je ba, sai ta sayar wa dillalin da ya zo ƙofar gida a farashin da ya ga dama. Wannan ne ya sa nake ganin rijiyar burtsatse, murhu mai tsimin makamashi da wurin renon yara ya kamata a lissafa su cikin kayan aikin noma, kamar taki. A unguwar Korogocho ta Nairobi an gwada ba iyaye mata takardar biyan kuɗin reno, sai ga shi waɗanda suka samu sun fi sauran samun aikin yi.

Rance, da abin da ya fi rance

Shekaru da dama amsar kowace tambaya ɗaya ce: a ba mata ƙaramin rance. Muhammad Yunus da bankinsa na Grameen a Bangladesh sun samu kyautar Nobel a 2006 a kan haka. Amma da aka yi gwaji na tsanaki a ƙasashe shida, Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko, aka buga sakamakon a 2015, sai aka ga amfanin matsakaici ne. Wasu sana'o'i sun ɗan faɗaɗa, talauci bai gushe ba, ikon mata a gida bai sauya sosai ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya ma, a 2010, bashi a kan bashi ya jefa iyalai cikin bala'i har gwamnati ta sa baki. Noma kuma dama bai dace da rancen da ake fara biya mako mai zuwa ba, tun da shuka sai ta yi watanni.

A Siri Lanka an raba wa masu ƙananan sana'o'i jari kyauta. Na maza riba ta tashi, na mata kusan ba ta motsa ba. An daɗe ana fassara wannan da cewa sana'ar mata ba ta da wurin girma, har wasu masana suka sake duba alƙaluman Siri Lanka da Indiya da Gana a 2019, suka raba gidaje biyu: inda matar ce kaɗai mai sana'a, da inda mijin ma yana da tasa. A rukunin farko ribar mata ta tashi sosai. A na biyu kuɗin sana'ar mijin suka tafi. Gayaunar Burkina Faso ce ta sake dawowa da wata riga.

Shi ya sa hanyar da kuɗi ke bi ta zama muhimmiya kamar yawansu. A Gana, matan da aka saya wa kayan sana'a kai tsaye sun fi waɗanda aka danƙa wa tsaba cin moriya, musamman masu sana'ar da ta ɗan kafu. A Uganda, matan da aka zuba musu rance a asusun waya sun fi waɗanda aka ba a hannu riba, kuma bambancin ya fi fitowa ga waɗanda dangi ke matsa wa da roƙo. A jihar Madhya Pradesh ta Indiya, da aka fara zuba ladan ƙwadagon da mace ta yi a shirin gwamnati a asusunta maimakon na maigida, aka kuma koya mata amfani da shi, mata sun ƙara fita aiki. A Kenya, wani nazari na 2016 ya ƙiyasta cewa M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, ya taimaka wa mata kusan 185,000 sun tashi daga noman ci da kai sun koma kasuwanci. Duk waɗannan ba su ƙara wa mace basira ba, sun ba ta aljihun da ba kowa ke leƙawa ba.

Sai haɗin kai. A 1972 Ela Bhatt ta kafa ƙungiyar SEWA a birnin Ahmedabad na Indiya don matan da ba su da uban gida a wurin aiki: masu talla, masu dako, masu aikin gona. Da bankuna suka ƙi su, mata 4,000 suka tara rupi goma-goma suka buɗe nasu a 1974. Yau mambobinta sun haura miliyan 2. Abin da ƙungiya ke yi wanda rance ba ya yi shi ne sayen kaya a dunƙule, sayarwa a dunƙule, da zama a teburin da ake yanke farashi. Amma a nan ma akwai tarko. Ƙungiyoyin gama kai da yawa sun sa mallakar fili ko dabba a matsayin sharaɗin zama mamba, sai mai tatsa ta zauna a gida, mai saniya ya je taro ya karɓo kuɗin madara.

Kuskure ne kuma a ɗauka wannan faɗa ne tsakanin mata da maza. Mijin da ake magana a kansa sau da yawa talaka ne, bashi ya yi masa katutu, shi ma dillali na cutarsa. Shirin da ya tsallake shi ya miƙa wa matarsa kuɗi ba tare da an zauna da shi ba yakan haifar da rikici a gida, wani lokaci har da duka. Kuma mata ba ɗaya ba ne: matar mai babbar gona da matar da ke yi mata ƙwadago buƙatunsu sun saɓa, ana iya ɗaga ta farko a kan bayan ta biyu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2026 a matsayin shekarar mace manomiya, baya ga ranar 15 ga Oktoba da ake yi duk shekara don matan karkara. A irin wannan lokaci akan yi taruka, a sanar da yawan matan da aka horar da waɗanda aka ba tallafi. Wannan adadi shi ya fi sauƙin tarawa, shi ya fi ƙarancin faɗin wani abu. Akwai ma'aunin da ya fi shi, wanda cibiyar binciken manufofin abinci ta IFPRI da abokan aikinta suka ƙaddamar a 2012. Ana shiga gida a tambayi miji daban, mata daban: wa ke yanke abin da za a shuka? Da sunan wa kadara take, kuma za ki iya sayar da ita? Wa ke cewa ga yadda za a kashe kuɗin da aka samu? Kina cikin wata ƙungiya? Sannan a bi ranarta ta jiya awa bayan awa, tun daga tashi har kwanciya, a haɗa aikin gona da na kasuwa da na gida. Idan jimillar ta haura awa 10 da rabi, ana rubuta cewa a wannan fanni ba ta da iko, ko da kuɗin shigarta ya ninka.